Al'ada Ta Rikice, Haihuwa Ta Yi Jinkiri: Mene Ne PCOS, Kuma Ta Ina Ake Farawa?

A ƙauyukan Kano da Jigawa, matar da al'adarta ke ɗaukewa wata biyu, wata uku, wani lokacin har wata shida, ba ta rasa masu fassara mata abin da ke damunta. Uwar miji ta ce ciki ne ya kwanta. Maƙwabciya ta ce sanyi ne ya kama mata mara. Wani ya ce aikin iska ne, namijin dare ke tare ta. A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wata fassarar: ranar kasuwa a shiga gari a yi sikanin, a dawo da 'yar takarda mai baƙin hoto an rubuta PCOS a ƙasanta, mai ɗaukar hoton ya ce ƙwanta ya yi ƙuraje. Ta koma gida ta sa wa ranta cewa shi ke nan, ita juya ce.

Wannan yanke ƙauna ba shi da tushe. PCOS taƙaitaccen sunan Turanci ne na wata lalura da sinadaran jikin mace ke rikicewa, har ƙwai ya kasa nuna balle a sake shi. Cikin duk abubuwan da ke jinkirta haihuwa, rashin sakin ƙwai irin na PCOS yana sahun gaba wajen jin magani, kuma maganin farko ƙwayoyi ne na kwana biyar, ba tiyata ba. Abin da ke cutar da matanmu shi ne shekarun da ake zubarwa ana bin hanya a baibai. A fara shan magani kafin a san ciwon, a yi ta wahalar da mace ba a taɓa duba mijin ba, a ɗauki hoton sikanin a matsayin hukunci alhali shi kaɗai bai isa shaida ba.

Ƙirga kwanaki tukuna

Ana ƙirga zagayen al'ada daga ranar farko da jini ya zo zuwa ranar farko ta zuwansa na gaba, ba daga ranar wanka ba. Ga macen da ta shekara uku ko fiye da fara gani, tazarar kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ce. Yawancin matan karkara da watan Musulunci suke lissafi, wanda kwanansa 29 ne ko 30. To wadda zagayenta kwana 33 ne, in ta gani ran uku ga Rajab, za ta sake gani wajen shida ga Sha'aban, sannan wajen goma ga Ramadan. Sai ta ce al'adarta ba ta da rana, alhali lafiyarta ƙalau. Rikicewa a wajen likita ita ce tazarar ta gaza kwana 21, ko ta wuce 35, ko jinin ya zo ƙasa da sau takwas a shekara, ko kuma a taɓa yin kwana 90 ba a gan shi ba.

Mace mai sallah ta san ranar da ta ajiye sallah da ranar da ta ɗauka. Abin da ya rage shi ne ta riƙa sa alama a kalandar bango ko a bayan littafin makarantar yara, wata uku a jere, ta ƙara da yawan ƙunzugu ko audugar da take canzawa a wuni, da ko akwai gudaji. Wannan 'yar takardar ta fi hoton sikanin amfani a teburin likita.

Ga yarinya ƙarama ƙa'idar daban ce, kuma wannan ya shafe mu sosai tunda a karkara ana aurar da 'yan mata ba su daɗe da fara al'ada ba. A shekarar farko rikicewa ba ciwo ba ce. Daga shekara ɗaya zuwa uku, tazarar har kwana 45 ana ɗaukar ta daidai, domin jiki bai gama saituwa ba. Amaryar da ta yi wata takwas a ɗaki ba ciki, aka fara yi mata gori ana ɗura mata jiƙe-jiƙe, sau da yawa ba abin da take buƙata sai lokaci da abinci mai gina jiki.

Abin da ke faruwa a ciki

Mace na da gidan ƙwai biyu, dama da hagu. Kowane wata wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa yana aiko da sinadarai biyu, FSH da LH, su tayar da wasu 'yan jakunkunan ruwa a gidan ƙwan, kowace da ƙwai ɗaya a cikinta. Ɗaya daga ciki ta yi wa sauran zarra, ta girma ta kai wajen milimita 20, ta fashe ta saki ƙwai. Kafin nan sinadarin istrojin ya riga ya kauraro shimfiɗar cikin mahaifa. Bayan sakin ƙwai, jakar da ta fashe tana fitar da sinadarin furojestaron na kimanin kwana 14, shi ke riƙe shimfiɗar. In ciki bai shiga ba furojestaron ya sauka, shimfiɗar ta zube. Jinin al'ada ke nan. Saboda haka al'ada mai zuwa a kan lokaci alama ce ta ana sakin ƙwai, wadda ke ɓacewa wata da watanni kuwa tana nuna ba a saki, ko ana saki jefi-jefi.

A jikin mai PCOS jakunkunan suna tasowa da yawa amma su tsaya a milimita 2 zuwa 9, babu wadda ta yi gaba. A fuskar na'urar sikanin za a gan su baƙaƙe, jere a gefen gidan ƙwan kamar 'ya'yan carbi. Ba ƙuraje ba ne, ba ƙari ba ne, ba ruwan da za a zuƙe ko a yanke ba ne. Ƙwayaye ne da ba su nuna ba, kuma yawansu ma yana nuna ƙwan matar bai ƙare ba.

Me ke tsayar da su? A mata da yawa tushen yana wajen insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsokoki. Jikinsu ba ya jin insulin yadda ya kamata, sai ya riƙa fitar da shi fiye da kima. Yawan insulin na zuga gidan ƙwai ya yi ta samar da sinadarin maza, testostaron, sannan ya hana hanta yin abin da ke ɗaure wannan sinadarin a jini. Shi ke hana ƙwai nuna, shi ke kawo gashi a haɓa da saman leɓe da ƙirji da ƙasan cibiya, da ƙurajen fuska masu naci, da zubewar gashin tsakiyar kai. Yawan insulin ɗin kuma shi ke baƙanta bayan wuya da hammata, fatar ta yi kauri ta yi laushi. Sai ka ga mace tana dirzar wuyanta da soso da sabulun salo har ya ɗaye, tana zaton dauɗa ce, ko ta koma man bilicin. Ba ya fita da wanka. Abin na bin jini, shi ya sa ake tambaya ko uwa ko 'yar'uwa na da irinsa, ko akwai ciwon suga a dangi. Ƙiba tana tsananta shi, amma akwai sirara da yawa masu shi.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane ƙwarai. Tunda ba a saki ƙwai ba, babu furojestaron, shimfiɗar mahaifa sai ta yi ta kauri wata uku, wata huɗu. Ranar da ta gaji ta ɓalle, jini ya zo da yawa, da gudaji, ya yi mako biyu ko uku bai tsaya ba. Gida ya ɗauka ɓari ta yi. Wata sai a lissafa mata ɓari uku ko huɗu alhali ba ta taɓa ɗaukar ciki ba. Bambancewa na da muhimmanci, domin binciken mai yawan ɓari daban, na wadda ba ta sakin ƙwai daban, kuma tsinken gwajin fitsari ne kawai zai raba gardama a lokacin. Ta fuskar ibada, a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, kuma malamai na da bayanin hukuncin abin da ya zarce. Amma sanin hukuncin sallah bai ɗauke buƙatar zuwa asibiti ba, don irin wannan zubar na ƙarar da jini.

Sharuɗɗan tabbatarwa

Likitoci biyu a Shikago ta Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, su suka bayyana lalurar a 1935 bayan sun duba mata bakwai. Ƙa'idar da ake bi yanzu an tsayar da ita ne a taron Rotadam na ƙasar Holan a 2003, kuma jagorar ƙasa da ƙasa ta 2023 ta ci gaba a kanta. Sai an samu biyu cikin uku: rikicewar al'ada, alamar yawan sinadarin maza a jiki ko a gwajin jini, da kuma kamannin gidan ƙwai a sikanin, wato jakunkuna 20 ko fiye a gefe ɗaya idan na'urar ta zamani ce, ko girman gidan ƙwan ya kai mililita 10. Kuma sai an kore sauran cututtuka masu kama da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa na da ita, kuma har kashi 70 cikin ɗari nasu ba a gano ba.

A lura da abin da wannan ke nufi. Mace mai al'ada daidai, ba gashi ba ƙuraje, aka ga jakunkuna a sikanin, ba ta da PCOS. Mata masu lafiya da yawa haka gidan ƙwansu yake, musamman matasa, shi ya sa ba a dogara da sikanin ga wadda ba ta kai shekara takwas da fara al'ada ba. Wadda kuma al'adarta ke ɓacewa ga gashi a haɓa, ta cika sharaɗi ko ba a yi mata hoto ba. Sai dai likita ya tambaya a tsanake, ita ma ta faɗa, domin mata na tsige gashin kafin su fito, ga hijabi ya rufe wuya da haɓa.

Masu kama da ita

Na farko ciki. Duk macen aure da al'ada ta ɗauke wa, a fara da gwajin fitsarin safe. Maganar kwantaccen ciki tsohuwa ce, har littattafan fiƙihu sun tattauna ta, amma a likitance ɗan tayi ba ya tsayawa da girma shekara guda sannan ya farka. Ko dai yana girma, ko ya lalace a ciki, ko babu shi tun farko. Zaman jiran ciki ya tashi ya cinye wa mata da dama shekarun da suka fi dacewa da magani.

Shayarwa na ɗauke al'ada, wannan kowa ya sani. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ma haka, kuma bayan an daina takan ɗauki watanni, wasu har shekara, kafin ƙwai ya dawo, amma yana dawowa. Ciwon maƙoƙo da sauran matsalolin tayirod, wato ƙullutun gaban wuya, na rikita al'ada. Yawan furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, na hana sakin ƙwai, kuma alamarsa nono ya riƙa tsatsafo da ruwa ba goyo. Wasu magungunan amai da na taɓin hankali na jawo shi. Rama mai tsanani da yunwa da doguwar jinya irin ta tarin fuka su ma suna tsayar da al'ada.

Akwai guda uku da suka fi shafar yankinmu. Matar da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa a gida, daga nan nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata ya zube, kullum kasala: wannan ƙullutun ƙasan ƙwaƙwalwa ne ya samu rauni saboda ƙarancin jini, kuma tana buƙatar babban asibiti. Sai wadda al'adarta ta ragu ko ta ɓace bayan wankin ciki, mai yiwuwa bangon mahaifar ne ya manne. Na uku ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dexamethasone a ciki, wani magani mai ƙarfi na rukunin sitiroyid, da mayukan bilicin masu sitiroyid. Suna kumbura fuska, su kawo gashi da ƙuraje, su rikita al'ada, su tayar da suga da hawan jini, har a rantse PCOS ce. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, akwai haɗari. Ta kai kwalin asibiti a rage mata a hankali.

Idan kuwa gashi ya fito gaba ɗaya cikin 'yan watanni, murya ta yi kauri irin ta maza, wannan ba tafiyar PCOS ba ce, ana tsoron ƙari mai fitar da sinadarin maza, a gaggauta. Haka jin zafi na taso wa mace da gumin dare tana ƙasa da shekara 40, ana auna FSH a ga ko ƙwan ne ke ƙarewa da wuri.

A asibitin sha-ka-tafi na kusa galibi za a iya gwajin ciki, awon jini, hawan jini, nauyi da suga. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi irin na Haɗeja, Gumel, Kazaure, Bichi, Wudil ko Rano su ne mataki na gaba. Gwajin tayirod da furolaktin da testostaron da hoton bututun mahaifa kuwa sau da yawa sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin Murtala, ko na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Gwajin suga mafi inganci ga mai PCOS shi ne a kwana ba a ci komai ba awa takwas, a ɗebi jini, a sha gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa biyu.

Maigida ma sai an duba shi

Ƙa'ida ita ce a fara bincike bayan shekara guda ana tare ba ciki, ko wata shida in matar ta haura 35. Amma wadda al'adarta ke ɓacewa ba ta da dalilin jiran shekara. Kuma kafin a ba ta ƙwaya ɗaya ta sakin ƙwai, a gwada maniyyin miji. A kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai hannun matsalar namiji. Gwajin ba allura ba ciwo: ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya zuba duka a kwalbar da ɗakin gwaji ya ba shi, ba a kwaroron roba ba, ya kai cikin awa guda, kwalbar na aljihu kusa da ɗumin jiki. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar ƙasa a ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita. In sakamako bai yi kyau ba a maimaita bayan wata uku, don kusan tsawon lokacin da sabon maniyyi ke ɗauka ke nan.

Amsar da aka saba ji ita ce, ai ina da 'ya'ya biyar da uwargida. Gaskiya ne, amma autan shekararsa nawa? Ciwon sanyi da ba a magance da kyau ba, hangum da ya sauka a maraina, kumburin jijiyoyin maraina, ciwon suga, shan tiramadol, duk suna iya canza lafiyar namiji bayan ya haifi na baya. Malam, wannan gwaji ba tozarci ba ne. Shi ne mafi araha cikin duk binciken, kuma ƙin yin sa na iya sa a shayar da baiwar Allah magani wata shida a banza.

Bututun mahaifa ma abin dubawa ne, musamman ga wadda ta taɓa zazzaɓin jego mai warin jini, ko ɓarin da ya ruɓe, ko ciwon mara mai fitar da ruwa. Ana hoton ne bayan ɗaukewar jini, kafin lokacin sakin ƙwai, a zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ga ko ya wuce ta ɓangarorin biyu.

Magani, daki-daki

Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kan dawo da sakin ƙwai. Mai kilo 80 ke nan ta sauke huɗu zuwa takwas, ba a ce ta rame ba. Wannan na da wuyar karɓuwa inda ake ganin ƙibar amarya shaidar miji na kula da ita, don haka sai an fahimtar da miji da uwarsa tare. Ba a buƙatar abincin kanti. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye: zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kuɓewa, kuka. Tuwon dawa da na gero waɗanda ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa da taliya da burodi. Wake, ɗanwake, awara, gyaɗa, ƙwai da kifi suna riƙe ciki. Inda sukari ya fi ɓuya shi ne abin sha: lemon kwalba, zoɓo, kunun zaƙi, shayi mai cokali huɗu, fura da aka dama da sukari. Motsa jiki kuwa minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Matar kulle za ta iya zagaya tsakar gida da sauri bayan asuba har numfashinta ya ɗaga, kuma daka da surfe da jan ruwa a rijiya duk suna cikin lissafi. Siririya ba a ce ta rage komai ba, ta dai kiyaye zaƙi. Duk mai neman ciki ta fara shan folik asid, maikrogiram 400 kullum, tun kafin ya shiga.

Metformin maganin suga ne da ke sa jiki ya ji insulin. Ana farawa da miligiram 500 tare da abinci, a ƙara mako-mako zuwa 1500 ko 2000. Masu fara shi da yawa lokaci guda su ne ke fama da gudawa da tashin zuciya su watsar.

Maganin sakin ƙwai na farko yanzu letrozole ne, miligiram 2.5 kullum na kwana biyar, yawanci daga rana ta uku zuwa ta bakwai ta al'ada. In ƙwai bai fita ba a ɗaga zuwa 5, sannan 7.5. Takardar cikin kwalin za ta ce maganin kansar nono ne, don asalinsa ke nan, kada wannan ya tsorata kowa. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2014, kan mata 750 masu PCOS, ya samu kashi 27.5 cikin ɗari na masu shan letrozole sun haihu, a kan kashi 19.1 na masu shan clomiphene, cikin zagaye biyar. Clomiphene, wanda aka fi sani da Clomid, shi ma yana aiki, daga miligiram 50 zuwa 150, sai dai ya fi kawo tagwaye, kuma yakan sirantar da shimfiɗar mahaifa. Kowanne aka ba da, sai an tabbatar ba ciki kafin a fara, sannan a bibiya a ga ko ya yi aiki, ta sikanin wajen rana ta 12 ko gwajin furojestaron kwana bakwai kafin ranar da ake sa ran jini. Idan an yi zagaye shida ana sakin ƙwai ba ciki, ba a ci gaba da maimaitawa. Mataki na gaba allurai ne a hannun ƙwararre, ko ƙaramar tiyatar huda gidan ƙwai, ko dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a mayar cikin mahaifa.

Ƙwan da aka saki ba ya wuce kwana ɗaya da rai, maniyyi kuwa na iya kwana biyar a jikin mace. Bayan ƙwayar ƙarshe, ana sa ran sakin ƙwai cikin kwana biyar zuwa goma, don haka ana son saduwa duk bayan kwana ɗaya ko biyu daga rana ta 10 zuwa ta 20. Alamar da mace za ta gani da kanta ita ce ruwa garai mai yauƙi, wanda ke miƙewa tsakanin yatsu biyu bai tsinke ba. A nan akwai abubuwa biyu na rayuwarmu da ya kamata a faɗa wa likita ba kunya. Mijin da ke tafiya ci-rani Legas ko Fatakwal da zarar an gama girbi, kada a ɓata zagayen magani ba ya gari, a tsara shi da damina ko lokacin da zai zauna. Sannan gidan mata uku ko huɗu da ake girki bibbiyu, mace na iya yin kwana shida ba ta karɓi girki ba, kwanakin da ake nema su wuce a ɗakin wata. Musayar kwana da yardar abokan zama abu ne da shari'a ta yarda da shi, kuma mijin ne ya kamata ya nema da lalama.

Inda ake ɓata hanya

Kemis na sayar da Clomid ga duk wadda ta tambaya. Mace ta sha wata takwas, wata goma, ba a san bututunta a toshe yake ba, ba a san halin mijin ba, ba a san furolaktin ne ke damunta ba. Haka ƙwayar Primolut N da alluran da ake yi don kawo al'ada: jinin da ke zuwa bayansu zubar shimfiɗa ce kawai, ba shaidar an saki ƙwai ba. Ga maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ta maimaitawa da sunan sanyi, alhali PCOS ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Matse-matsen da ake cusawa a gaba, wasu da kanwa a ciki, suna ƙona fata su bar tabo. Mafi muni shi ne yankan gishiri. In wanzami ko ungozoma suka ce gishiri ne ya tare hanya, kada a yarda. Matsalar a jini take, aska kuwa na bi ta jikin mafitsara, kuma sakamakonta na iya zama yoyon fitsari irin wanda ake gyarawa a Jahun da asibitin Murtala. Addu'a da sadaka ba su hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Wadda ba ta neman ciki yanzu, budurwa ce ko bazawara ko mai hutawa, ita ma kada ta bar al'ada ta wuce wata uku ba ta zo ba. Shimfiɗar da ke ta kauri shekara da shekaru na ƙara haɗarin kansar mahaifa. Likita kan ba da medroxyprogesterone miligiram 10 na kwana 10 zuwa 14 don ta zube, ko ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadari biyu, waɗanda ke daidaita jini su rage ƙuraje da gashi, kodayake gashin sai an yi haƙurin wata shida. Ba sa kashe mahaifa. Amma ba a ba mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido.

Wasu alamun ba sa jiran ranar kasuwa: jinin da ke jiƙa ƙunzugu duk awa, jiri da bugun zuciya da farin ido, ko ɓatan wata tare da ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara da suma, wanda kan zama ciki ne a bututu.

Damuwa da baƙin ciki sun fi yawa a masu PCOS, ko ba gori. Inda kuma kishiya ke haihuwa duk shekara biyu, ana suna ana habaici, nauyin ya ninka. Matar da ta daina barci, ta daina cin abinci, take kuka ita kaɗai a ɗaki, wannan ma a faɗa wa ma'aikacin lafiya, yana cikin abin da ake magancewa.

In Allah ya kawo cikin, a fara awo da wuri a kuma gaya wa ma'aikaciya akwai PCOS, domin sugan ciki da hawan jini da jijjiga sun fi kusa da irin waɗannan mata. A yi gwajin suga tun farko, a maimaita tsakanin mako na 24 da na 28, a daina letrozole ko Clomid gaba ɗaya, a haihu a asibiti. Bayan yaye kada ta ɗauka ba za ta sake samun ciki ba sai da magani, da yawa na samu haka nan. Al'adar takan daidaita da kanta idan an doshi shekara 40, amma haɗarin ciwon suga na nan, don haka a riƙa auna hawan jini duk shekara, suga kuma duk bayan shekara ɗaya zuwa uku.